Gadon Ilu

Ranar Talata ya turo ta ƙofar shagona a Garki,
tsohuwar bas da ta gaji da fasinja,
an kwashe kujerun, ciki fayau
kamar rumbu da marka.
Ya ce, "Sallau, ɗaki nake so a nan.
Na gaji da kwana a rumfar mutane
ina matashi da akwatin aiki."

Ilu gyaran keken ɗinki yake.
Alhamis Maigatari, Lahadi Gujungu,
sauran kwanaki, duk inda zare ya sarƙe.

Tef ɗina yara sun tafi da shi wasa.
Na zaro kara daga danga, na ce kwanta.
Ya kwanta, ya lumshe ido,
na shimfiɗa karan daga ka zuwa diddige,
sai muka yi tsit mu biyu,
don mun san wanda ake yi wa irin wannan awo.
Ya zabura ya zauna:
"Kai, da saura! Ban gama biyan motar ba."
Muka yi dariya har da hawaye,
amma na karya karan,
na aika a nemo tef.

A kwance, faɗin motar bai kai shi ba,
taƙi guda ya hana.
A miƙe, gado zai cinye hanya.
Kwana uku ina zane da alli a daɓen ƙarfe,
ina gogewa da tafin ƙafa,
ga ƙusumbin taya ya tsaya mini a wuya.
Rana ta huɗu na ga Lantana tana ninke zane,
biyu, uku, ta tura adaka.
Na ajiye kokon da nake sha.

Falanki uku, hinji shida.
Da rana benci ne, ya jingina da bango;
da dare ka zare sakata ya yi miƙa,
ƙafafu biyu su sauko da kansu.
Ƙusumbin da ya hana ni barci
na rufa masa akwati, ya zama tebur.

A ƙasa, durowar allurai da kwarkwaro,
ta man keke na yi mata baki
don gargadar hanya ba ta da amana.
Gurbin buta, ƙugiyar darduma,
da wata 'yar mitsitsiya marar mariƙi,
ni da shi muka san inda ake danna ta.

Bayan kasuwa uku ya biyo, bai kashe mota ba.
"Yaya gado?"
"Ba laifi. Hinji ɗaya na kuka in na juya."
Na ce sauko in ɗiga masa mai.
Ya dube ni, ga kwalabe goma a durowarsa.
"Bar shi," in ji shi.
"Can bayan gari, in dare ya raba,
shi kaɗai ke amsa mini."