Wasan Jika

Da, in Nafi'u ya shigo gidan nan
sai in ce, "Ga angona, hannu rabbana!
Ina kuɗin cefane?"
Ya ce, "Tsohuwa, ai tun jiya na sake ki."
Mu yi dariya, in ba shi ƙanzo,
la'asar ta yi, uwarsa ta zo ta ɗauke shi.

Yanzu babu mai zuwa ɗauka.
Hanyar Kaduna ta ci uban,
uwar ta bi bayansa kafin damina ta zagayo.
Aka sauke mini su biyu a zaure, shi da Baraka,
da katifa ɗaya, da takardun makaranta a leda.

Yaron da nake wa wasa
yau ni ke shinshina bakinsa
in ya dawo daga bakin Kubanni bayan isha'i,
ido jawur, harshe ya yi masa nauyi.
Ran da na tsinci kwalbar maganin tari a takalminsa,
alhali ko atishawa ba ya yi,
na zauna gaban murhu har wuta ta mutu.

Baraka kuwa sikila.
In ciwon ya sauka cikin ƙashinta
bayana da ya manta goyo shekara talatin
dole ya tuna.
Daga Ƙofar Kibo zuwa Shika
kuɗin mota ya fi kwanon masara.

A layin karɓar magani Goggo Dudu ta ja mayafina:
"Ke ma jika? Zo ran Laraba."

Benci uku ne, gindin darbejiya, bayan asibitin Tudun Wada.
Mu goma sha ɗaya, haƙoranmu duka ba su cika baki uku ba.
Malam Tanimu na reluwe, jikoki huɗu, fansho sai an ga dama.
Mama Saratu daga Wusasa, nata kurma ne.
Sista Kande ba ta yi mana wa'azi.
Ta ce ruwa, ruwa, ki cika ta da ruwa,
ko da sayen jarka ne wajen 'yan garuwa.
Gidan sauro. 'Yar ƙwayar nan rawaya kullum.
Zazzaɓi kada ya kwana.
Na ce, to shi fa?
Ta ce, "Bulala ba ta fitar da abin da ya shiga jini.
Kada ki rufe masa ƙofa.
Ki tambaye shi bayan ya ƙoshi."
Ta ba ni lambar likitan masu irin lalurarsa.
Ban iya boko ba,
Baraka ta zana ta da gawayi a bangon ɗakina.

Malam Tanimu ne ya kai shi wurin ƙanensa,
mai gyaran keke a Ƙofar Doka.
Ya gudu sau biyu. An mai da shi sau biyu.

Shekaranjiya ya shigo, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya ajiye ɗari biyar kan faifai.
"Tsohuwa, ga na cefane.
Amma sakin yana nan."

Na ce, "Matso in ga fuskar marowaci."
Ya matso, ya san abin da nake nema,
ya hura mini iskar bakinsa da kansa.

Albasa ce, da ƙuli-ƙuli.