Mu Biyu a Bakin Ƙofa

Ƙarfe biyu ta gota. Zango ta yi tsit,
sai injin gidan burodi da ke tari.
Sanda a cinya, cazbi a hannu,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawu.
Kai kuma kana inda ka saba tsayawa,
dab da kafaɗata, inda ido bai taɓa kai ba.

Sannu da aiki, abokin aiki.
Ni farmasi aka ba ni in tsare,
jaka talatin a wata, in an tuna.
Kai ni aka ba ka
tun ran da na faɗo hannun ungozoma a Birni.
Shekara sittin da ɗaya ke nan,
ba ka nemi hutu ba, ba ka nemi canji ba.

Lawali mai shayi ya tare ni da magariba:
"Anatol, namu biyu ne, dama da hagu,
kowa da alƙalaminsa."
Na ce, "Nawa riƙe ni yake kada in faɗi."
Ya yi dariya, ya ƙara mini sukari:
"To wa kake roƙo, shi ko Mai shi?"
Na yi ta hura kofi, ban amsa ba.

Ga amsar, kai ka fara ji.
Ba sujada nake maka ba;
da na gwada, da ka ɗaga ni da kunne.
In zan aika wa ƙanwata saƙo Maraɗi
tasha nake zuwa, in nemi direban da ya san gidan.
Kai kullum kana duban fuskar Uba,
ni ko tawa a madubi ban cika so ba.

Amma akwai magana tsakaninmu.
Daren da katangar baya ta zube cikin ruwan Agusta,
wa ya tashe ni da ƙishirwa
har na bar tabarmar kafin ta danne ta?
Na sani. Na gode.
To, daren da Filomena ta cika a likita fa?
Na kira ka har muryata ta dishe.
Mompera ya ce kuna nan, kai da nata,
nata ya kama mata hannu suka wuce,
kai ka zauna da ni a kan benci.
Wataƙila. Abin da na sani, na kai safiya,
kuma ba da ƙarfina ba.

Yau biyu ga Oktoba, ranarku ce.
Kyandir na dala ashirin na kunna,
iska ta cinye rabi, ka karɓi sauran.
Gobe Sisiliya za ta hau motar Agadas,
aikin jinya ya kira ta.
Ka gaya wa nata ya zauna kusa da taga,
ka gaya wa Rafayel, mai rakiyar matafiya,
bayan Tanut hanyar ba ta da dangi.
Pampo kuma kwana tara bai ɗiga ba;
wannan na faɗa ne kawai,
na san ba sashenka ba ne, ban matsa ba.

Ran da za a karɓi makulli a hannuna
kada ka tsaya daga nesa.
In Mika'ilu ya ɗaga ma'auni,
faɗi gaskiya, amma ka fara da daren da aka dake ni
ban nuna inda akwatin kuɗi yake ba.
Zancen barcin da nake sata, wannan ka bari sai an tambaya.

Ga ladan na gyara murya,
duwatsun Birni sun fara fitowa daga duhu.
Idona ya yi nauyi, ɗan'uwa.
Riƙe mana ƙofar kaɗan,
kai da ba ka san gyangyaɗi ba.