Lotsi a Gefen Hagu

Gwangwanin burodin Mama ya ɓule ranar Laraba.
Tsatsa ta cinye gindinsa, kwaɓi ya tsiyaye,
hayaƙi ya kore mu daga kicin.
Shekara arba'in da ɗaya yana shiga wuta,
har ya ga hunturu uku bayan mai shi.

Na ratsa gadar Nemunas, sanyi na cizon kunne,
na shiga shagon Vidmantas a tsohon garin Kaunas.
Ya jera mini su kamar mai nuna jikoki:
"Ga na gilashi, kina kallon gefe yana ja,
amma in sanyi ya taɓa shi da zafinsa, nemo tsintsiya.
Na roba ba ya kama burodi,
ba ya kuma ba shi ɓawo, fari fat kamar mai jinya.
Na yumɓu akwai haƙuri, sai dai ba ya son gaggawa.
Wannan falalen kuwa araha ce,
kin san araha ba ta ado."

Na ce hatsin rai nake kwaɓawa, mai tsami, mai danƙo,
irin kwaɓin da ba ya tsayuwa da ƙafarsa
sai an ba shi bango ya jingina.
Ya sunkuya can ƙasa ya zaro baƙi, na ƙarfe,
mai doguwar katanga, mai nauyin jariri.
Na auna da hannu: taƙi ɗaya da yatsa uku.
Daidai da na Mama. Na biya ban yi ciniki ba.

Burodin ya fito sumul,
kusurwa huɗu kamar an ja da zare.
Na kai wa Baba a kujerarsa ta bakin taga,
Baba da sunaye suka fara zube masa
kamar gari daga ɓulallen buhu.
Bai kalla ba. Babban yatsansa ya bi gefen burodin,
ya je ƙarshe, ya dawo, ya sake bi.
Ya ture faranti.
"Na kanti ne. Genute ba ta dawo ba?"

Kwana uku haka.
Na ƙara gishiri, na rage tsami, na zargi tanda.
A dare na huɗu ina wanke tsohon, zan jefar,
yatsana ya faɗa cikin lotsin nan na hagu,
inda Saulius, yana ɗan shekara biyar,
ya mai da shi ganga, ya nemo ludayin ƙarfe.
Mama ta yi faɗa, ba ta gyara ba.
Tun daga ranar kowane burodin gidanmu
da ɗan rami a kunci yake fitowa,
kuma yankan wurin na Baba ne, ba a tambaya.

Na ɗauko guduma daga ƙarƙashin famfo.
Na jera sabo da tsoho, na sa alama da alli.
Bugu ɗaya, ƙarfen ya yi mini gardama.
Na biyu, maƙwabciya ta doki bango, sha ɗaya ta wuce.
Na uku ya sallama.
Vidmantas, ka yafe mini, kayanka ba su da laifi.

Da safe yatsan ya sake kama hanya,
a hankali, kamar mai laluben makunni cikin duhu.
Ya isa. Ya tsaya. Ya zauna a ramin.
Baba bai yi murmushi ba, ba halinsa ba ne.
Ya ce, "Genute, ina man shanu?"
Sunana Birute.
Na miƙa masa.

Tsohon yana bakin taga yanzu, cike da ƙasa.
Na dasa albasa a ciki.
Ɓular nan da ta kashe masa aiki
ita ke fitar da ruwa in na cika ban-ruwa.