Inda Idonta Ya Nufa

Lawali ya kawo hoton cikin ledar burodi,
ya aza mini shi kan benci, tsakanin gwangwanayen fenti,
ya ce, "Ita kaɗai nake so. Fid da sauran."

Sauran kuwa mutum tara ne,
ranar wani suna a Garin Malam, shekara talatin da ɗoriya.
Rana ta lashe gefen dama,
gara ta ɗanɗana kusurwa guda ta bari.
Cima tana can ƙarshen sahu,
kamar wadda aka kirawo daga bakin murhu
aka ce, tsaya nan, yanzu za ki koma.

Ni mai rubuta allon shago ne a hanyar Kasuwar Dole.
Na zana kan aski ya fi ɗari, da kaji, da kwalaben lemo.
Amma fuskar uwar wani
sai dare, in kabu-kabu sun yi shiru.

Ba na taɓa hoto da almakashi.
Kwalin sukari nake yankawa biyu,
kowane kamar kusurwar ɗaki,
in haɗa su, su zama ƴar taga,
in riƙa jan tagar a hankali.

Na matso da ita, mata uku suka fita ba sallama.
Na ƙara, liman ya tafi da carbinsa.
Jarkokin ruwa da ke jere jikin bango,
masu jiran famfon da ba ya zuwa sai asuba,
su ma na rufe su.
Katangar ta rage, da rabin zanen da ke bisa ƙofa.

Sai na tsuke tagar a kan fuska zalla.
Ta zama hoton katin zaɓe.
Kowace tsohuwa ce, ba kowa ba ce.

Na buɗe ƙasa kaɗan, hannuwa suka shigo.
Lawali ya ce kada a sa su,
wai sun faffashe, wai murzar ƙuli ta baƙanta su.
To in ba su, wa ya biya maka lakkwal?
Ban faɗa masa ba. Na dai bar su
kan cinyarta, ɗaya bisa ɗaya,
kamar masu hutun da ba su saba da shi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne idon.
Kowa na kallon mai hoto, ita ba ta kallonsa.
Ta karkata kafaɗa, ta sauke ido hagu,
bakinta ya fara wata magana.
In na yanke daidai nan,
sai ta zama mai kallon gefen katako,
mai jingina da iska.

Na ɗaga kwalin, na kawo fitila kusa.
Can ƙasa, inda gara ta ci,
ga kunne guda, da ƙeyar yaro,
da yatsu uku riƙe da bakin zanenta.

Da safe na nuna masa.
Ya daɗe, shayinsa ya huce.
Ya ce, "Ranar ƙaya ce ta soke ni, na ƙi tsayawa."
Ya ce, "Kada ka zana ni. Ina da furfura yanzu."

Ban zana shi ba.
Na dai tura ta dama, ba tsakiya ba,
na bar fili a hagu, faɗin tafin hannu biyu,
bango ne kawai, jar ƙasar Birni,
don idonta ya sami wurin sauka.

Ya ce jaka goma ta yi yawa ga hoto mai rabin bango.
Muka daidaita a takwas.
Na ji an ce ya rataye shi a zaure, sama da tabarma,
kuma can hagu yake zama, in ya dawo daga kasuwa.