Maɓalli Goma Sha Biyu

Ni ba soja ba ne, tela ne.
Rumfata na jingine da katangar lakwal
inda ake koya wa ƴaƴan mutane taka sahu,
a nan Yamai, shekara talatin da ɗaya.
In tarihin Ƴan Maɓalli kake nema
kar ka je ofis, gara ta ci rabin kundinsu.
Zauna nan. Ɗaga ƙafarka daga kan ƙyallena.

Shekarar da Isa ya cika ya batse,
ya shiga Saga har ƙuryar ɗaki,
ɗalibai goma sha biyu suka haura katanga da dare,
ba su tambayi kowa ba.
Buhu, yashi, buhu, yashi, har assalatu.
Suka dawo caɓa-caɓa, ɗaya ba takalmi.
Kumandan ya ba su kwana takwas a kaso
domin doka ba ta san ambaliya ba.
Ran na tara ya aiko kirana,
ya zube mini tagulla a tafin hannu,
maɓallan tsohuwar rigarsa ta fareti.
"Ɗinka musu daga ciki," in ji shi,
"ƙarƙashin wuya, inda ido ba ya kaiwa."

Haka abin ya soma, ba tuta, ba begila.

Maki kaɗai ba ya sayen sa.
Na ga zakaran aji ya fita wuyansa wayam,
na ga Nomau, wanda lissafi ke kayarwa kullum,
ya samu, don ya goyi abokinsa kilomita tara
a hanyar Filinge, da rana tsaka,
bai kuma taɓa ba da labarin ba.

Kowace Alhamis bayan la'asar
sukan bi gidajen tsofaffin soji,
su cike musu takardun fansho,
su saurari yaƙin da suka ji sau goma
kamar yau aka fara harbin.
In asibiti ta nemi jini, su ne gaban layi.
In tsohon kofur ya cika, ba ɗa ba jika,
su ke ɗaukar makara zuwa Yantala,
ƙafa ɗaya, ba gangar da ke ba su taki.
Suna kuma sa ni faci bashi.
Wannan ma ka rubuta.

Goma sha biyu ne, ba a ƙarawa.
Mai fita ya kawo riga in farke,
in ɗinka wa na baya.
Sai Agali, da aka tura iyaka da gaggawa
tun kafin ya biyo ta rumfata.
Damina biyu muna goma sha ɗaya.

Ran Lahadi wata tsohuwa ta sauka daga motar Abalak,
riga a leda, leda a cikin mayafi.
Hausarta kaɗan ce.
Ta juya wuyan rigar, ta ɗora yatsa:
"Ya ce aro ne."

Zarena ne, na gane ɗaurin.
Na farke shi a hankali.
Ban dubi sauran rigar ba.
Ƙarya nake, na duba.

Yau da safe suka turo Bibata,
ƴar mai kifi daga Gamkalle,
tsaye ƙyam kamar an dasa ta,
tana ɓoye murmushi a bayan haƙora.
Ba ta san na wa ne ba, ban faɗa ba.
Na ninka zare biyu,
allura ta soke ni, abin da ta daina tun ina yaro.

Ta ce, "Baba, dala nawa?"
Na ce, "Aro ne.
Ranar biya ki kawo shi da ƙafarki."