Bashin Baba Yana Bayan Guri

Ran Alhamis a Maigatari na wuce sababbi,
masu ƙyalli kamar langar gara.
Sallau bakanike ya kara kunne jikin wani tsoho,
ya ce, "Wannan ba ya tari.
Fenti bai taɓa ƙetare fadama ba."
Kuɗin riɗina kaf suka bi shi.

Tayar baya mai haƙora, saboda yashin Birniwa.
Tif biyu, faci, famfo,
fulogi naɗe a ledar burodi,
sifana goma da sha biyu;
sha huɗun Sallau ya hana, wai ta gado ce.
Galan ɗin fetur na tamke da roba,
na jijjiga, bai motsa ba,
na ƙara ɗauri.

Can bayan Guri, inda waya ke kurumcewa,
akwai masunci, Maina Bukarti,
da ya ranta wa Baba buhun gero shekarar fari.
Baba ya faɗa mini, saura kwana uku ya cika.

Buhun na bisa kariya.
Sallau ya danna taya, ya girgiza kai:
"Kaya sun yi yawa, rage wani abu."

Na sauke jakar tufafina.
Kik ɗaya ya tashi.