Huɗu da Biyu

A Lodz, hawa na uku, bayan taragon dare ya wuce,
tagar Bogna kaɗai ke da haske.
Dusar ƙanƙara na sauka a titi,
injin zuƙar hayaƙi na ta munshari.

Abin da take nema ba shi da yawa:
zarra huɗu na kabon da ke jere
su lanƙwasa kamar lauje,
wasu biyu su matso,
a ɗaura nan, a ɗaura can, cikin numfashi ɗaya,
layi ya koma zobe mai kusurwa shida.
Ba ɓawo, ba dusa, ba abin zubarwa,
duk wanda ya shigo, da shi za a yi ginin.

A takarda ke nan.
Sau tara kwalba tana ba ta kunya,
sai wani danƙo mai wari a gindi.

Tsoho Ignacy, mai gyaran gilasai,
ya dawo ɗaukar hularsa da ya manta.
Ya ɗaga kwalbar, ya yamutsa hanci.
"Yaushe kika tace wannan ruwan?"
"Tun Litinin."
"Ai shi ba ya zaman jira.
Ki bar shi a ɗumi, ɗan'uwansa zai cafke,
su rufe zobensu su biyu,
ki zo ki tarar kasuwa ta watse."
Ya sa hula, ya fita.

Sai ta hura masa wuta a hankali
har abin da ya ƙullu ya kwance,
yana ɗiga, ɗis, ɗis,
cikin kwalba da ke zaune a ƙanƙara.
Ba ta bari ya huta ba.
Ta zuba shi kan farin garin da ta narkar,
gilashi ya yi ɗumi a tafinta
alhali ba wuta a ƙarƙashi.

Ta kankari cikin kwalbar da sanda.
Shiru.
Ta sake.
Sai ga fararen allurai suna tsiro
daga inda ta karce.

Zoben kansa ba ta gan shi ba,
ido bai isa can ba.
Na'urar da ke ƙasa za ta ba da shaida da safe,
in mai makulli ya zo da wuri.
Ta rubuta awo da lokaci, uku da kwata,
ta ɗauki shayinta,
ya riga ya yi sanyi.